Paul Morphy: Gwanin da Ya Guji Gwanintarsa

Gabatarwa

Ni dai ba Bahaushe ba ne. A bakin maƙwabtanmu na unguwar Sabo ta Ibadan na tsinci Hausa, kafin na zo jami'a na ɗauke ta a matsayin fagen karatuna. Wasan ces kuwa, wanda wasu ke kira darar Turawa, Larabawa kuma shaɗaranji, a makarantar sakandare na koye shi a hannun malaminmu na lissafi. Abin da ya haɗa mini waɗannan abubuwa biyu shi ne wani tsohon littafi da na saya a wurin masu baza littattafai a bakin titi. Littafin na wani Bature ne mai suna Philip Sergeant, wanda aka fara bugawa a 1916, yana ɗauke da wasannin wani Ba'amurke da ake kira Paul Morphy. Bangon littafin ya yage, gara kuma ta ci wasu shafuka. Sai na ƙuduri niyyar in kwafe wasannin in zuba su a kwamfuta tun kafin gara ta gama aikinta.

A wajen wannan kwafa ne na san mutumin. Na shiga aikin ina neman dabarun wasa, sai na fito da labarin wani bawan Allah wanda duniya ta ɗaga shi a kan abin da shi bai ɗauka bakin komai ba, ta kuma hana shi abin da ya fi so a ransa. Wannan labari nake so in kawo wa 'yan uwana ɗalibai, tare da bayanin yadda wasannin da aka yi fiye da shekara 160 da suka wuce suka iso cikin kwamfutocinmu.

Kafin mu shiga, bari mu daidaita sunaye. Allon ces yana da gida 64, kowane ɗan wasa kuma yana da 'ya'ya 16. A wannan maƙala zan kira su sarki, sarauniya, hasumiya biyu, giwa biyu, doki biyu da dakaru takwas. Giwa na aro daga Larabawa, domin haka suke kiran ɗan da ke tafiya a karkace. Duk sanda ɗan wasa ya motsa ɗansa ɗaya, zan ce ya yi taku. Wasa yana ƙarewa ne idan aka rutsa sarki ya rasa gidan gudu.

Haihuwarsa da Tasowarsa

An haifi Paul Charles Morphy ran 22 ga Yuni, 1837, a birnin New Orleans da ke jihar Louisiana a kudancin Amurka. Mahaifinsa, Alonzo Morphy, lauya ne wanda ya kai ga zama alƙali a kotun ƙoli ta jihar. Mahaifiyarsa kuwa, Thelcide Le Carpentier, daga zuriyar Faransawa ta fito, kuma gwanar kiɗa ce. Saboda haka yaron ya tashi da Faransanci da Ingilishi a bakinsa. Gida ne na masu hali, kuma ya kamata ɗan Afirka mai karanta wannan tarihi ya san cewa New Orleans ta wancan zamani ita ce babbar kasuwar bayi ta Amurka, gidan su Morphy ma yana da bayi kamar sauran gidajen attajiran garin. Hutun da ya ba yaro damar zama gaban allo, wasu ne suka biya shi da guminsu.

Abin da danginsa suka ruwaito shi ne, babu wanda ya zaunar da shi ya koya masa wasan. Zama yake yi shiru a gefe yana kallon mahaifinsa da baffansa Ernest suna karawa, har ran da aka lura ya san dokokin wasan, yana ma ganin hanyar cin da manya suka tsallake. Kafin ya cika shekara 12 ya gagari 'yan wasan garin. A 1850 wani gwani ɗan ƙasar Hungari mai suna Johann Löwenthal, wanda rikicin siyasa ya koro daga ƙasarsa, ya biyo ta New Orleans, aka haɗa shi da yaron. Bai ci yaron ko sau ɗaya ba.

A nan akwai mutumin da ya cancanci godiya, wato baffan nan Ernest. Yana cikin waɗanda suka riƙa rubuta wasannin yaron taku bayan taku, har ya aika da ɗaya wata mujallar ces ta Paris. Ba domin irin wannan rubutu ba, da abin da zai iso mana labarin baka ne kawai, wanda kowa zai ƙara masa gishiri gwargwadon son ransa.

Karatu da Gasar New York

Iyayensa ba su ɗauki ces a matsayin sana'a ba, shi ma haka. A ganinsu abin nishaɗi ne na 'ya'yan manya, kuma abin kunya ne mutum ya ci abinci da shi. A 1850 aka kai shi kwalejin Spring Hill da ke kusa da Mobile a jihar Alabama, ya gama a 1854, ya ƙara shekara guda ya sami digiri na biyu a 1855. Daga nan ya shiga Jami'ar Louisiana, wadda a yau ake kira Tulane, ya sami shaidar karatun lauya a 1857. An ce ya haddace kundin dokokin jihar kusan gaba ɗayansa. Mahaifinsa bai ga wannan rana ba, domin ya rasu a 1856.

Sai dai doka ta ce ba a fara aikin lauya sai an cika shekara 21, shi kuwa bai kai ba. Wannan ɗan jira da doka ta ɗora masa shi ne ya ba duniya Morphy. A watan Oktoba na 1857 aka shirya babbar gasar ces ta farko a Amurka, a birnin New York, da 'yan wasa 16, wanda aka kayar ya fita. Morphy ya ci wasa 14, ya yi kunnen doki 3, aka ci shi sau ɗaya tak. A zagayen ƙarshe ya haɗu da Louis Paulsen, wani Bajamushe mai jinkirin tsiya. A lokacin ba a fara amfani da agogon ƙayyade tunani ba, saboda haka Paulsen kan share fiye da rabin awa a kan taku ɗaya, Morphy yana zaune yana haƙuri. Ya ci shi 5 da 1, da kunnen doki 2. A ɗaya daga cikin waɗannan wasanni ne ya ba da sarauniyarsa a bakin giwa a taku na 17, abin da ya sa 'yan kallo suka zaci ya yi kuskure, ashe tarko ne.

Tafiya Turai

Cin gasar Amurka bai isa hujja ba, domin manyan gwanaye suna Turai. Sunan da ya fi amo a Ingila shi ne Howard Staunton, wanda har yau samfurin 'ya'yan ces da muke wasa da su sunansa yake ɗauke da shi. Ƙungiyar ces ta New Orleans ta aika masa da goron gayyata a farkon 1858, a kan kowane ɓangare ya ajiye dala 5,000. Staunton ya nuna cewa tafiyar ta yi masa nisa. Sai Morphy ya shiga jirgin ruwa, ya sauka Ingila a watan Yuni na shekarar.

Staunton ya yi ta ɗaga ranar karawa, yana cewa aikin shirya littattafan Shakespeare ya sha masa kai, kuma da gaske yana wannan aiki. Amma yana da fili a jaridar Illustrated London News, ya riƙa amfani da shi yana nuna kamar yaron ne bai shirya ba. Wannan abu ya yi wa Morphy ciwo ƙwarai. Ba su taɓa yin gaba da gaba su biyu ba. Sau biyu kawai suka zauna a allo ɗaya, kowa da abokin shawara, kuma ɓangaren Morphy ne ya ci duka biyun.

Yana cikin jiran nan ya sake haɗuwa da Löwenthal a Landan, ya ci shi 9 da 3, da kunnen doki 2. Kuɗin da aka ajiye fam 100 ne. Morphy bai sa su aljihu ba, sai ya saya wa abokin karawar tasa kayan ɗaki da su. Mai karatu ya riƙe wannan hali, domin shi ne mabuɗin fahimtar sauran rayuwarsa: ba ya son a ce ya ci kwabo da wasa.

Daga nan ya ƙetara Paris, inda 'yan ces ke taruwa a wani gidan shan gahawa da ake kira Café de la Régence. Gwanin wurin, Daniel Harrwitz, ya ci wasa biyun farko, ya fara cika baki. Morphy ya dawo ya ci biyar, aka yi kunnen doki ɗaya, sai Harrwitz ya janye. A wannan gida ne, a watan Satumba na 1858, Morphy ya juya wa allo baya ya kara da mutum takwas a lokaci ɗaya, ana gaya masa takunsu da baki yana mayar da nasa da baki. An shafe wajen awa 10, ya ci shida, ya yi kunnen doki da biyu.

Babbar jarrabawa ta zo a watan Disamba. Adolf Anderssen, malamin lissafi daga birnin Breslau, wanda ya ci gasar Landan ta 1851, ya yi amfani da hutun makaranta ya zo Paris. Ya tarar da Morphy kwance da ciwon ciki, likitoci sun sa masa matsattsaku sun zuƙe masa jini kamar yadda ake magani a zamanin. A ɗakinsa na masauki aka yi wasannin. Anderssen ya ci na farko, na biyu aka yi kunnen doki, daga nan Morphy ya jera biyar. An tashi 7 da 2, da kunnen doki 2. Anderssen dattijon kirki ne, ya karɓi kaye ba tare da neman uzuri ba. Daga wannan rana aka daina gardama a kan wane ne gwanin duniya, ko da yake ba a fara ba da wannan kambi a hukumance ba sai 1886.

Wasan Gidan Waƙa

Wasansa da ya fi shahara ba a gasa aka yi shi ba. A ƙarshen 1858 wani basarake Bajamushe, Karl na Brunswick, wanda talakawansa suka kora daga mulki tun 1830, ya gayyace shi kallon opera, wato wasan kwaikwayon da ake yi cikin waƙa. Morphy mai son kiɗa ne, ya amsa. Da suka zauna, sai basaraken da abokinsa Isouard suka fito da allo, suka haɗa kai su biyu a kansa.

Wasan taku 17 ne kacal. Morphy yana da farare. A taku na takwas yana da damar cin dakare a ɓagas, amma ya bar shi, ya fito da doki, domin ya fi son kowane ɗa nasa ya shigo fage da wuri. A taku na 10 ya ba da doki domin ya buɗe hanya zuwa ga sarkinsu. A na 13 ya ba da hasumiya a bakin doki. A na 16 ya miƙa sarauniya ɗungurungum, suka ci dole. A na 17 ya rutsa sarkinsu da hasumiya ɗaya da giwa ɗaya, waɗanda su kaɗai suka rage masa ban da sarki da dakaru. Su kuwa suna da sarauniya da doki da giwa da hasumiya, amma giwar da hasumiyar ba su taɓa motsawa daga gidajensu ba tun farkon wasa. Darasin a fili yake: dukiyar da ke kwance a ɗaki ba ta kai ƙaramin abin da ke hannu yana aiki ba. Har yau da wannan wasa ake fara koya wa yara ces a ƙasashe da yawa.

Komawa Gida

Ya koma New York a watan Mayu na 1859, aka tarbe shi kamar sarkin da ya ci yaƙi. An yi masa liyafa a New York da Boston, an ba shi agogon zinariya da 'ya'yan ces na zinariya da azurfa. Jaridar New York Ledger ta ba shi fili na shekara guda a kan dala 3,000. Ya yi shelar cewa zai kara da kowa a duniya, shi ya cire dakare ɗaya daga nasa, ya kuma bar wa abokin karawa takun farko. Babu wanda ya amsa. Sai ya ɗauka cewa magana ta ƙare, ya janye daga gasa yana ɗan shekara 22. Duk tashen nasa bai wuce shekara biyu ba.

Abin da yake so yanzu shi ne ya gaji mahaifinsa a kotu. Amma a 1861 yaƙin basasa ya ɓarke tsakanin kudu da arewacin Amurka, kuma a 1862 sojojin arewa suka kama New Orleans. Morphy ya fita zuwa Habana ta ƙasar Kyuba, daga can ya wuce Paris. Da ya dawo ya buɗe ofishin lauya, abin bai yi armashi ba. Masu shigowa ofishin hirar ces ke kawo su, ba shari'a ba. Sunan da ya yi a allo ya zama masa ƙaya: mutane ba su yarda cewa ɗan wasa zai iya riƙe musu ƙara ba. Sannu a hankali ya tsani a ambaci ces a gabansa. Abokinsa na ƙuruciya, Charles Maurian, shi ne kusan kaɗai wanda ya ci gaba da wasa da shi a cikin gida, kuma wasanninsa na ƙarshe da aka rubuta na 1869 ne.

Bayan haka hankalinsa ya fara taɓuwa. Ya riƙa zargin ana so a sa masa guba, ya kuma kai mijin 'yar uwarsa ƙara a kan gadon mahaifinsu, kotu ba ta ga hujja ba. A 1875 danginsa suka kai shi gidan masu taɓin hankali, amma ya zayyana wa masu gidan haƙƙinsa a doka dalla-dalla, har aka mayar da shi gida. Bai yi aure ba. Kullum yakan yi ado tsaf ya fita yawo a titunan garin shi kaɗai, da dare ya tafi opera. A 1883 Wilhelm Steinitz, wanda daga baya ya zama zakaran duniya na farko, ya zo New Orleans ya nemi ganinsa. Morphy ya yarda, da sharaɗin ba za a yi zancen ces ba. Ran 10 ga Yuli, 1884, ya dawo daga yawo cikin zafin rana, ya shiga wanka, aka tarar da shi ya cika. Likitoci suka ce matsalar jini ce a ƙwaƙwalwa. Shekarunsa 47.

Daga Takarda Zuwa Kwamfuta

Morphy bai tara wasanninsa a littafi da kansa ba. Wasu ne suka yi. Max Lange ya buga tarinsu da Jamusanci a 1859, Löwenthal ya buga nasa da Ingilishi a 1860, gwanin Hungari Géza Maróczy ya fitar da babban kundi a 1909, sai na Sergeant da ke hannuna. Ta wannan hanya fiye da wasa 400 suka tsira.

Da na fara kwafa, nan da nan na yi karo da matsala. Tsofaffin littattafan Ingilishi suna amfani da wata hanyar rubutu wadda kowane ɗan wasa ke ƙirga gidaje daga nasa gefen. Idan mai farare ya tura dakaren gaban sarki gida biyu, sai a rubuta P-K4. Idan mai baƙaƙe ya yi haka, P-K4 ɗin dai za a sake rubutawa, alhali gidajen daban ne. Kwamfuta kuwa hanyar zamani ta sani, wadda kowane gida ke da suna ɗaya tak: layukan tsaye daga a zuwa h, na kwance daga 1 zuwa 8. A wannan hanya takun farare e4 ne, na baƙaƙe e5. Hukumar ces ta duniya, FIDE, ta daina amincewa da tsohuwar hanyar a 1981. Ni da ban san wannan bambanci ba, na kwana biyu ina zargin kwamfutata, domin duk sanda na shigar da takun baƙaƙe sai manhajar ta ƙi karɓa. Ashe aikin fassara ne a gabana, irin wanda muke yi a aji, kuma na faɗa ramin da malamanmu ke gargaɗinmu a kai, wato fassarar kalma da kalma.

Tsarin da ake adana wasa a kwamfuta ana kiransa PGN. Wani Ba'amurke mai suna Steven Edwards ne ya tsara shi, aka fitar da ƙa'idojinsa a 1994. Rubutu ne zalla, wanda mutum zai iya karantawa da ido, manhaja ma ta karanta. A samansa akwai bayani bakwai: sunan gasa, wuri, kwanan wata, zagaye, mai farare, mai baƙaƙe da sakamako. A ƙasa sai taku su biyo a jere. Inda ba a san rana ko wata ba, alamar tambaya ake sa wa, ba a ƙirƙira. Wasannin Morphy gaba ɗaya a wannan tsari ba su kai nauyin hoto ɗaya na wayar hannu ba. Kamfanin ChessBase na Jamus ya fara sayar da manhajar tara wasanni tun wajen 1987, akwai kuma na kyauta irin su Scid da Lichess.

Daga baya na gane cewa wasu sun riga ni wannan aiki, ana samun wasannin Morphy a shirye, sai dai mutum ya sauke. Na sauke, amma ban yi da-na-sanin wahalar da na sha ba, domin ita ta koya mini in riƙa gwada fayil da littafi. Ga abu uku da na lura da su. Na farko, da yawa daga wasanninsa na rangwame ne, wato yakan cire doki ko hasumiya daga nasa tun kafin a fara. Idan wanda ya shirya fayil bai nuna yadda aka jera allo a farko ba, kwamfuta za ta ɗauka ɗan yana nan, sai hukuncinta ya karkace. Na biyu, wasa ɗaya kan fito sau biyu saboda an rubuta sunan abokin karawa ta hanya biyu. Na uku, kwanan wata kan saɓa. Wasan gidan waƙa ma wasu sun sa shi a Oktoba, wasu a Nuwamba, kuma marubuta sun yi saɓani a kan opera ɗin da ake yi a daren, ko Norma ta Bellini ce ko Wanzamin Sabil ta Rossini. Wanda ya taɓa gwada kwafi biyu na tsohuwar waƙar ajami ya san irin wannan ciwon kai. Kuskuren mai kwafa ɗaya yakan haifi 'ya'ya da jikoki.

Hukuncin Na'ura

Tun 1997, lokacin da kwamfutar Deep Blue ta kamfanin IBM ta kayar da Garry Kasparov, aka san na'ura ta kamo ɗan Adam a wannan wasa. Manhajar Stockfish, wadda ta fito a 2008 kuma kyauta ce, ta fi kowane gwani mai rai ƙarfi. Na ɗora mata wasannin Morphy gabana yana faɗuwa, kamar wanda ya kai malaminsa gaban alƙali.

Ta nuna cewa shi ma yana kuskure. A wasan nan da Paulsen, bayan ya ba da sarauniya, a taku na 22 akwai hanyar da zai rutsa sarki cikin taku huɗu da hasumiya, amma ya bi doguwar hanya. Abin da ya ba ni sha'awa shi ne, gwani Johannes Zukertort ya riga ya gano wannan tun ƙarni na 19, ba tare da na'ura ba. Ta kuma nuna cewa da yawa daga abokan karawarsa ba su iya tsaron gida ba. Duk da haka, a wuraren da allo ya buɗe, sau da yawa takun da ya zaɓa cikin 'yan mintuna shi ne wanda na'urar ke zaɓa. Ba mamaki da Bobby Fischer ya sa shi cikin gwanaye goma mafiya girma a jerin da ya fitar a 1964.

Abin da na'urar ba ta iya gaya mini shi ne dalilin da ya sa mai irin wannan baiwa ya ji kunyarta. Wannan sai a tarihi: gidan da ya fito, zamanin da ya ɗauki ɗan wasan kuɗi a matsayin ɗan caca, da yaƙin da ya rushe duniyar da aka shirya shi ya gada.

Kammalawa

Labarin nan ya taɓa ni ta wani gefe. Mahaifina ya so in karanci lauya, kuma ran da na ce masa Hausa zan karanta, ya kwana uku bai ce mini uffan ba. Har yanzu idan abokansa suka tambaye shi abin da nake karantawa, sai ya ce harsuna, ya sauya zance. Morphy ya saurari irin wannan murya, ya yarda cewa abin da ya iya ba shi da daraja, ya kashe shekara 25 yana ƙwanƙwasa ƙofar da ba ta buɗe ba. Ba na cewa da ya ci gaba da wasa da bai yi ciwo ba, domin ciwo ba ya tambayar sana'a. Amma na tabbata ba na so in rayu ina jin kunyar abin da na iya.

Akwai kuma aiki a gabanmu. Na gwada rubuta wasan gidan waƙa da haruffan Hausa, kamar yadda Faransawa da Jamusawa ke yi da nasu: D ga doki, G ga giwa, H ga hasumiya, S ga sarki. Sai sarauniya ta zo ita ma da S. Ingilishi ya gamu da irin wannan karo tsakanin sarki da doki, ya warware shi da ba doki harafin N. Ni shawarata mu bi Larabawa mu ce waziri, mu ba shi W. Fayil ɗin PGN dai haruffan Ingilishi yake karɓa, amma littafin koyarwa na Hausa ba dole ya bi shi ba. Ina jiran ra'ayin 'yan ajinmu.

Daga ƙarshe, na tuna wani dattijo a Sabo wanda ake cewa ba a taɓa cin sa dara ba. Ina yaro nakan tsaya in kalli yadda yake jera tsinkayensa a ramukan ƙasa, jama'a sun kewaye shi. Ya rasu, kuma ko wasa ɗaya nasa babu wanda ya rubuta. Na tambayi waɗanda suka kara da shi, kowa ya ce gwani ne, amma babu mai iya nuna mini yadda ya yi. Morphy ya sami baffan da ya ɗauki alƙalami. Hutun da ke tafe zan koma gida da littafin rubutu, in sa wa ramukan dara haruffa da lambobi, in zauna gefen waɗanda suka rage.